Amsa ga mai tambaya: Amurkawa, Musulmi da kujerar shugaban ƙasa

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko gaskiya ne Amurkawa suna ƙin Musulmi, kamar yadda ake ji a labarai duk lokacin da zaɓensu ya ƙarato, ka kuma tambaya ko akwai ranar da Musulmi zai zama shugaban ƙasarsu. Na daɗe ina zaune a jihar Michigan tare da iyalina, saboda haka zan faɗi abin da na gani da idona, in haɗa da abin da yake rubuce wanda kowa zai iya dubawa.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne Amurkawa da yawa ba su taɓa zama da Musulmi ba. A ƙiyasin cibiyar bincike ta Pew na shekarar 2017, Musulmin ƙasar kimanin miliyan 3.45 ne, wato kusan kashi 1 cikin ɗari na jama'a, kuma akasarinsu sun taru a manyan birane. Mutumin da ya tashi a ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar yana iya tsufa bai taɓa gaisawa da Musulmi ba, duk abin da ya sani game da mu daga talabijin ya same shi, talabijin kuwa ba ta cika nuna mu ba sai an kai hari. A wurin aikina ban taɓa neman izinin zuwa sallar Juma'a an hana ni ba, kuma abokan aikin da suka fi tsare ni da tambayoyi a kan azumi su ne suka fara kiyaye cin abinci a gabana a watan Ramadan ba tare da na roƙe su ba. Amma kada in ruɗe ka da labarina, domin namiji Bahaushe a titin Amurka launin fatarsa ake fara gani, sannan a ji karin harshensa, addininsa kuwa sai ya faɗi sunansa. Matanmu masu hijabi su ne suke ɗaukar nauyin. An taɓa yi wa maiɗakina tsawa a wurin ajiye motoci na wani kanti, aka ce ta koma inda ta fito, kuma wata dattijuwa baturiya ce ta zo ta tsaya kusa da ita har mutumin ya wuce. Mu masu fasfo na Najeriya kuma mun ga canji a filayen jirgin sama bayan Disamban 2009, lokacin da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da zai sauka a Detroit. Daga nan binciken da ake yi mana ya tsananta.

Abin da yake kare Musulmi a can, a ganina, doka ce da ba don mu aka yi ta ba. Sashe na shida na kundin tsarin mulkinsu ya hana a sanya addini ya zama sharaɗin riƙe muƙamin gwamnati, gyara na farko da aka yi wa kundin a 1791 kuma ya hana gwamnati ta kafa addinin ƙasa ko ta hana wani yin ibadarsa. Ɗariƙun Kirista ne suka nemi wannan tsari domin kowace tana tsoron wata ta mallaki gwamnati ta danne ta, sai ga shi mun zo mun shiga inuwarsa. A 2015 kaɗai Kotun Ƙoli ta bai wa wata matashiya, Samantha Elauf, gaskiya a kan wani kamfanin sayar da tufafi da ya ƙi ɗaukarta aiki saboda ɗankwalinta, ta kuma yanke cewa gidan yari a jihar Arkansas ba shi da ikon hana fursuna Musulmi barin gajeren gemu. A 2010 kusan kashi 70 cikin ɗari na masu zaɓe a Oklahoma suka amince da dokar da za ta hana kotunan jihar la'akari da Shari'a, alhali babu wanda ya nemi kafa ta a can, kotun tarayya ta dakatar da dokar. Ka ga ke nan ƙiyayyar tana nan, har ta ci zaɓe da rinjaye, amma ta zo ta tsaya a ƙofar kotu. Sai dai wannan kariyar tana yin rauni da zarar an ambaci tsaro ko shige da fice. Rundunar 'yan sandan New York ta shafe shekaru tana leƙen asirin masallatai da wuraren cin abinci na Musulmi, kamfanin dillancin labarai na AP ya tona maganar a 2011, kuma ba a rushe sashen da yake wannan aikin ba sai a 2014.

Da yake dokar ta kowa ce, sau da yawa waɗanda suke fara tashi idan an taɓa mu Yahudawa ne da wasu majami'u, domin sun san idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Lokacin da aka ƙona masallacin garin Victoria a jihar Texas a Janairun 2017, Yahudawan garin sun miƙa wa Musulmi makullan wurin ibadarsu, kuma cikin 'yan kwanaki jama'a suka tara fiye da dala miliyan ɗaya don sake gina shi.

Siyasar shugaban ƙasa ita ce wurin da maganar ta fi zafi, kuma nan nake so ka fi lura. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, laifuffukan ƙiyayya ga Musulmi da hukumar FBI ta rubuta sun tashi daga 28 a shekarar 2000 zuwa 481 a 2001. Kwana shida bayan harin Shugaba George W. Bush ya je babban masallacin Washington ya ce Musulunci zaman lafiya ne. Ina da ƙorafi mai yawa a kan mulkinsa, musamman yaƙin Iraƙi da kurkukun Guantanamo, amma wannan ziyarar ta nuna wa 'yan jam'iyyarsa iyakar da ba za su ƙetare ba a bainar jama'a. Iyakar ta fara rushewa a zaɓen 2008, lokacin da aka baza jita-jitar cewa Barack Obama, wanda Kirista ne, Musulmi ne a ɓoye, kawai saboda sunansa na tsakiya Hussein da asalin mahaifinsa. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne yadda masu kare shi suke amsawa, suna rantsuwa cewa ba Musulmi ba ne kamar ana wanke shi daga sata. Colin Powell, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka wanda ɗan jam'iyyar Republican ne a lokacin, shi ya fito a talabijin ya tambaya: to idan ma Musulmi ne fa, akwai laifi a zama Musulmi a ƙasar nan? Duk da haka a 2010 Pew ta samu kashi 18 cikin ɗari na Amurkawa suna ganin Obama Musulmi ne.

A zaɓen 2016 aka daina sakaya zance. Ben Carson, ɗaya daga cikin masu neman tikitin Republican, ya ce ba zai goyi bayan a ɗora Musulmi a kan shugabancin ƙasar ba. A ranar 7 ga Disamban 2015, bayan harin San Bernardino da ya kashe mutum 14, Donald Trump ya yi kira da a rufe wa Musulmi ƙofar shiga Amurka gaba ɗaya. Alƙaluman FBI suka sake hawa zuwa 257 a 2015, sannan 307 a 2016. Hare-haren wancan lokacin suna da nasu kason a wannan hauhawar, amma mu da muke zaune a can mun ji yadda mutane suka samu bakin faɗin abin da da suke jin kunyar faɗa, tunda mai neman shugabanci ya faɗa an tafa masa. A masallacinmu a wannan shekarar ne aka fara ɗaukar mai gadi a ranakun Juma'a. Da ya hau mulki ya sanya hannu a kan umarnin 27 ga Janairun 2017 wanda ya hana 'yan Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman shiga, sai dubban Amurkawa suka cika filayen jirgin sama suna zanga-zanga, lauyoyi suka zauna a ƙasa da kwamfutocinsu suna rubuta ƙara kyauta. Kotun Ƙoli ta amince da sigar umarnin ta uku a 2018 da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. An saka Cadi a jerin a 2017 aka cire ta a 2018, an saka Najeriya a farkon 2020 a ɓangaren bizar zama na dindindin, Joe Biden ya soke umarnin a ranar da ya kama aiki a 2021, Trump kuma ya dawo da sabon jeri a Yunin 2025 wanda Cadi da Sudan suke ciki.

Wasu suna cewa Democrat ce jam'iyyar Musulmi, ni kuwa ban ga jam'iyyar da ta zama tamu ba. A 2000 manyan ƙungiyoyin Musulmi Bush suka mara wa baya, yaƙe-yaƙensa suka kora mu wajen Democrat, a 2024 kuma yaƙin Gaza ya raba mu da su. Fiye da mutum 100,000 a Michigan suka ƙi zaɓar Biden a zaɓen fidda gwani, suka dangwala a gurbin waɗanda ba su tsayar da kowa ba, kuma a babban zaɓe Trump ya zo na ɗaya a birnin Dearborn, inda Larabawa suka fi yawa, da kimanin kashi 42 cikin ɗari. Mutumin da ya nemi a rufe mana ƙofa ya zo yana neman ƙuri'armu, domin ya san jihar da ya ci da ratar ƙuri'a ƙasa da 11,000 a 2016 ba a wasa da kowace unguwa a cikinta. Na yi jayayya da abokai a kan wannan zaɓin nasu, har yau ba mu daidaita ba.

Game da kujerar kanta, babu dokar da ta hana. Sharuɗɗan uku ne: shekara 35, zama a ƙasar na shekara 14, da kasancewa ɗan ƙasa tun daga haihuwa. Wannan na ƙarshen ya fitar da 'yar majalisar wakilai Ilhan Omar wadda aka haifa a Somaliya, da Zohran Mamdani wanda aka haifa a Yuganda kuma ya ci zaɓen magajin garin New York a Nuwamban 2025, amma bai fitar da 'ya'yanmu da aka haifa a can ba. Cibiyar Gallup ta samu kashi 60 cikin ɗari suna cewa za su iya zaɓar Musulmi a 2015, adadin ya kai 66 a 2020, sai dai a cikin 'yan Republican bai kai rabi ba. 'Yan ɗariƙar Katolika sun bi irin wannan hanyar kafin mu: an kayar da Al Smith a zaɓen shugaban ƙasa na 1928 ana cewa Fafaroma ne zai riƙa juya shi, kuma sai da John F. Kennedy ya tsaya gaban limaman Furotesta a Houston a 1960 ya yi bayanin kansa kafin ya tsallake da ƙyar. Mu kuwa sai a 2006 muka samu ɗan majalisar wakilai na farko, Keith Ellison, wanda ya yi bikin rantsuwarsa da fassarar Alƙur'anin da Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya mallaka. Yawancin shugabannin Amurka daga kujerar gwamna, ko ta sanata, ko ta mataimakin shugaban ƙasa suke fitowa, kuma har yanzu Musulmi bai riƙe ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mehmet Oz, wani likita Musulmi, ya nemi ta sanata a Pennsylvania a ƙarƙashin Republican a 2022 bai samu ba. Idan kana son sanin ko ranar ta kusa, ka sa ido a kan lokacin da Musulmi zai ci zaɓen gwamna ko na sanata, inda jiha gaba ɗaya take kaɗa ƙuri'a har da ƙauyukanta.