Amsa: Shayin kurkum da zogale na wanke huhu daga hayaƙi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shan kurkum da zogale zai magance kumburin huhun da hayaƙin janareta da ƙurar hunturu suka jawo maka, har ka ajiye inhelar da likita ya ba ka, wato maganin numfashi na shaƙa. A'a, kada ka ajiye ta. Gaskiya ne kurkum na ɗauke da sinadarin kurkumin, zogale da albasa kuma suna da sinadarin kwasetin, kuma an ga suna rage kumburi. Amma galibin gwajin a jikin ɓeraye aka yi shi da cikin ɗakin bincike. Shi kurkumin ma kaɗan ƙwarai hanji ke iya tsotsa ya shiga jini. Ka ci su a abinci, suna da amfani.

Abin da ke cutar da kai shi ne ƙananan burbushin hayaƙi da ƙura da ake kira PM2.5, waɗanda ke wuce hanci su kai can ƙasan huhu, kuma muddin kana shaƙarsu kullum kumburin zai riƙa dawowa. Ni ma a Tudun Wada nake. Ƴata ta yi ta tari tun daga Disamba, muna ta dafa mata zogale, shiru. Sai da na ɗauke janareta daga bakin tagar ɗakinsu, muka daina ƙona shara a tsakar gida, tana kuma sa takunkumin N95 mai tace irin wannan burbushin ranar da hazo ya yi kauri, sannan ta fara barci. In numfashinka na yin fito da dare, don Allah ka koma asibiti cikin makon nan.