Aikin Mataimakin Malami a Jami'a da Kula da Ɗaliban Aji Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama hidimar ƙasa, kuma jami'ar da na yi karatu ta ɗauke ni aiki a matsayin GA (Graduate Assistant), wato mataimakin malami. Shugaban sashenmu ya ce in riƙa taimaka wa ɗaliban aji ɗaya. Mene ne ainihin aikina, kuma da me ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sanya albarka. Muƙamin da aka ba ka shi ne matakin farko a jerin muƙaman koyarwa na jami'o'in Najeriya, kuma ana ba da shi ne ga mai digiri na farko wanda ya fita da sakamako mai kyau, bisa sharaɗin zai ci gaba da karatun digiri na biyu. A ƙa'ida ba a danƙa maka kwas kai kaɗai. Kana ƙarƙashin babban malami ne, kana gudanar da darussan bita, kana taimakawa a ɗakin gwaji idan sashenku na kimiyya ne, kana kuma sa ido a lokacin jarrabawa. Ƙarancin malamai kan sa wasu sassa su ɗora wa irinku aji sukutum, amma ko da hakan ta faru, tsara tambayoyin jarrabawa da tabbatar da sakamako suna wuyan malamin da aka rubuta sunansa a kan kwas ɗin.

A ganina, abin da ya kamata ka fara da shi shi ne fahimtar da su yadda ake lissafin sakamako, domin nan ne sabon ɗalibi ya fi yin asara ba tare da ya sani ba. Yaron da ya fito daga sakandare ya saba da cewa kowace shekara tana cin gashin kanta, alhali a jami'a matsakaicin makin da ake kira CGPA tarawa yake yi tun daga zangon farko har ranar kammalawa. A jami'o'in da ke bin ma'aunin 5, wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A mai daraja 5, B tana da 4, C tana da 3, F kuwa ba ta da komai, sannan a ninka darajar da nauyin kwas ɗin, wato adadin yunit ɗin da aka ware masa. Ka rubuta musu misali a allo: ɗalibin da ya gama shekarar farko da 2.00, ya dage a ta biyu ya sami 4.00 a kan kwasa-kwasai masu nauyi iri ɗaya, zai tsinci kansa a 3.00 ne kawai, bai kai 3.50 da ake buƙata don kammala digiri da babbar daraja ta biyu ba, balle 4.50 ta daraja ta ɗaya. Ɗalibai kan yi tsit idan suka ga wannan lissafi, kuma ya fi dogon wa'azi tasiri a kansu.

Daga nan sai rajista. Ka duba takardunsu ka tabbatar sun yi rajistar duk kwasa-kwasan dole, har da na gama-gari irin su Ingilishi, waɗanda da yawa suke rainawa har su zame musu kariyoba, wato kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita shi. Ka kuma sanar da su cewa jami'o'i da dama suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin a shiga jarrabawa, kuma makin gwaji da aikin gida yana cikin sakamakon ƙarshe.

A ajin bita kada ka maimaita laccar da aka riga aka yi. Ka kawo tambayoyi su warware a gabanka, domin a nan ne za ka gane wanda darasin ya gagara da wanda Ingilishin malamin ne kawai ya sha masa kai. Babu laifi ka yi wa na biyun ƙarin bayani da Hausa a ofis, muddin ya koma ya rubuta amsarsa da harshen jarrabawa, amma a cikin aji ka tuna akwai waɗanda ba sa jin Hausa.

Shekarunka ba su yi nisa da nasu ba, saboda haka za su kawo maka abin da ba za su iya kai wa farfesa ba, kamar matsalar kuɗin makaranta, wurin kwana, ko rashin lafiya. Ka saurara, sannan ka tura kowa inda ya dace, ko wurin malamin da ke kula da ajinsu, ko ofishin harkokin ɗalibai, ko asibitin jami'a. Kada ka sayar musu da takardun darasi, kada ka karɓi kyauta daga wanda kake duba takardarsa, kuma ganawa da ɗaliba ta kasance a ofis, ƙofa a buɗe, cikin lokacin aiki.

Game da karatunka kuwa, ka duba takardar ɗaukarka aiki ka ga wa'adin da aka ba ka na kammala digiri na biyu, domin sai da shi za a ɗaga ka zuwa mataki na gaba. Ka ware wa ɗalibai sa'o'i sanannu a mako, ka liƙa su a ƙofar ofis, sauran lokacin kuma ka ba bincikenka.