Ɗana na son karatun zanen gine-gine: me ake buƙata, me za mu saya?

Tambaya: Malam, ɗana yana aji biyu na babbar sakandare, kuma hannunsa ba ya rabuwa da fensir. Ya ce shi zanen gine-gine zai karanta a jami'a. Mahaifinsa har ya fara tara kuɗin kwamfuta. Me ake nema kafin a ɗauke shi, kuma wace iri za mu saya? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, Allah Ya yi masa albarka. Ku ɗan jingine maganar kwamfuta tukuna, ku ɗauko sakamakon jarrabawarsa ta zangon da ya wuce, ku duba Lissafi da Fiziks. A nan ƙofar take. Jami'o'i irin su ABU Zariya, wadda sashenta na wannan fanni ya fi kowane daɗewa a Nijeriya, da BUK da ATBU Bauchi, kiredit biyar suke nema a WAEC ko NECO, kuma dole Turanci da Lissafi da Fiziks su kasance ciki. Ana cike sauran biyun da darussa irin su Kemistiri, Labarin Ƙasa ko zanen fasaha. A JAMB ma waɗannan ukun zai rubuta, ya haɗa da ɗaya. Na huɗun yakan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, don haka ya karanta ƙa'idar wadda ya zaɓa kafin ya cike fom. In kuwa ba ajin kimiyya yake ba, ku je wurin shugaban makaranta a makon nan, kada a bari sai aji uku.

Iya zane baiwa ce, zai ji daɗinta. Amma na fi damuwa da haƙurinsa. A situdiyo, wato ɗakin koyon zane, ɗalibi kan kwana yana yanka kwali yana liƙawa da gam, ya wayi gari ya kafa aikinsa a bango gaban malamai. Sai wani ya nuna taga da biro ya ce, "Ka buɗe ta yamma, wa zai iya zama ɗakin nan da la'asar a watan Afrilu?" Shi ke nan, a sake daga farko. Yaron da gyara ke ɓata wa rai yana shan wuya a nan fiye da wanda layinsa bai miƙe ba.

Ku saya masa littafin zane, fensir da tef na awo. Ya auna ɗakinki da tsakar gida ya sauke su a takarda. In an je Zariya, ya shiga tsohon masallacin Juma'a da shahararren magini Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ya ɗaga kai ya ga yadda bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙai, ke ɗauke da rufin laka. Kwamfuta kuwa sai ya samu gurbi, domin da allon zane da rula ake farawa. In lokacin ya yi, a nemi mai RAM (ma'ajiyar aiki ta kwamfuta) 16GB da katin sarrafa hoto nata na daban, saboda Revit, manhajar zana gine-gine, na wahalar da ƙaramar na'ura.

Tambaya: Ina da ND a wannan fanni daga poli. Sai na sake JAMB daga farko? Daga wani matashi a Azare.

Amsa: A'a, ƙanena. Ka sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB. In sakamakonka ya kai abin da jami'ar ta gindaya, aji biyu za ka faɗa. Sai dai ka shirya wa doguwar tafiya. Digirin farko shekara 4 ne, a jami'o'in fasaha 5, sannan digiri na biyu, sannan aiki ƙarƙashin ƙwararre da jarrabawar ƙwarewa, kafin ARCON, hukumar da ke kula da masu zanen gine-gine a Nijeriya, ta yi maka rajista. Sai da rajistar nan doka ta yarda a kira ka akitek, wato ƙwararren mai zanen gine-gine. Ka adana zane-zanenka na poli a fayil guda, za ka buƙace su wajen neman ofishin da za ka koyi aiki.