Malam, in na rubuta juyin halitta a bak na taɓa imanina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina fata kana lafiya da iyali. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise (sakandare) a nan Marwa ta Kamaru, bana zan rubuta bak, wato jarabawar kammala sakandare, in sha Allah. A darasin SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, malaminmu ya kawo mana maganar ebolisyon, juyin halitta ke nan, wai halittu suna canzawa daga wani iri zuwa wani cikin miliyoyin shekaru, har ya nuna mana hoton ƙoƙon kan nan da aka tono a Cadi. Da na koma gida na faɗa wa kawuna sai ya ce in rufe littafin, wai karatun masu cewa kakanmu biri ne. Wallahi na rasa inda zan sa kaina, in ban rubuta ba na faɗi jarabawa in na rubuta ina tsoron imanina. Shin ba zai yiwu a ce Allah ne Ya tsara abin yake tafiya haka ba? Kuma rai na farko daga ina ya fito? Daga 'yarka a Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya ba da sa'ar bak. Tambayarki ɗaya ce a baki amma uku ce a ciki, kuma rikicin ki da kawu ya taso ne don an zuba su a tukunya guda an dama. Bari mu tsame su.

Ta farko, shin halittu suna canzawa? Wannan kam ba sai an je Turai ba. Mu da muka taso lokacin nivakin, maganin zazzaɓin sauro na da, mun san shi, ƙwaya fara mai ɗaci kamar maɗaci, in ka sha kwana biyu kana susa har tafin hannu da tafin ƙafa, mahaifiyata kan tura min ita cikin lomar tuwo don kada in tofar, amma fa zazzaɓi ya tafi. To yau je ki asibiti a Marwa ko Garwa ki ga ko za a rubuta miki shi don zazzaɓin sauro. Tun farkon shekarun 2000 aka ajiye shi. Maganin bai lalace ba, ƙwayar cutar ce ta sauya: cikin miliyoyinsu akwai 'yan kaɗan da aka haifa da wani ɗan bambanci da ya sa maganin ba ya kashe su, sauran suka mutu su suka rage suka hayayyafa, shekara bayan shekara har suka zama su ne masu gari. Manoman auduga ma sun ga irin wannan da tsutsar da ke huda ƙwallon auduga, feshin da yake kashe ta da can sai aka wayi gari ana fesawa tana ci gaba da cin abincinta. Haka sauro da maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi. Abin da Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya rubuta a 1859 ke nan a taƙaice, 'ya'ya ba sa fitowa daidai da juna, wanda bambancinsa ya dace da wurin da yake shi ke rayuwa ya bar zuriya, in aka daɗe ana haka iri yakan sauya.

Har a jikinmu akwai shi. Kin taɓa lura Bafulatani zai shanye ƙwaryar madara ɗanya ya tashi ya bi shanunsa lafiya lau, wani kuwa kofi ɗaya cikinsa ya fara kiran sallah? Yawancin mutanen duniya in sun girma jikinsu yakan rage narkar da sukarin madara, amma a cikin al'ummomin da suka daɗe suna kiwo, irin Fulani da mutanen arewacin Turai, da yawa sun gaji abin da ke sa su ci gaba da narkar da shi har tsufa. Kuma sikila da ta yi yawa a ƙasashenmu, dalilinta shi ne mai AS, wanda ya gaji jinin sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, yana da ɗan kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa jinin ya yaɗu a inda sauro ya fi yawa. (Af, tunda maganar ta zo, a yi gwajin jini kafin a sa rana, wannan ba wasa ba ne.)

Tambaya ta biyu, rai na farko. A nan nake so ki buɗe kunne, domin yawancin masu musu a majalisa ba su san cewa littafin Darwin bai yi bayanin yadda rai ya fara ba. Shi yana magana ne a kan yadda rayayyu ke rarrabuwa bayan akwai su. Masana sun auna shekarun duniya kusan biliyan 4.5, kuma a duwatsun yammacin Ostireliya akwai alamun ƙananan halittu masu kimanin shekara biliyan 3.5. Amma yadda aka tsallaka daga ruwa da gishiri da iska zuwa abin da ke ci yana haihuwa, har gobe ana kan nema. A 1953 wani ɗalibi a jami'ar Shikago mai suna Stanley Miller ya fitar da sakamakon gwajinsa, ya rufe ruwa da wasu iskoki a cikin kwalaben gilashi yana bi da su da tartsatsin lantarki kamar walƙiya, cikin mako guda ruwan ya rine, da aka duba sai ga wasu daga cikin sinadaran da ake gina furotin da su. Abu ne babba, ba na raina shi. Sai dai bulo ne ya samu, ba gida ba. Wasu suna ganin abin ya fara a maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙarƙashin teku, wasu sun fi karkata ga wani sinadari da ake kira RNA wanda yake iya ɗaukar saƙon gado kuma ya yi aiki da kansa. Ko a 2010 da jaridu suka yi ta ihu wai an ƙirƙiri rai a Amurka, abin da aka yi shi ne an harhaɗa saƙon gado a ɗakin gwaji aka dasa shi cikin ƙwayar bakteriya da dama tana da rai. Babu wanda ya ɗebo sinadarai zalla ya tada mai rai daga cikinsu.

Amma kada ki jingina imaninki a kan wannan giɓin. Na sha jin wa'azin da ake cewa tunda sun kasa to shi ke nan mun ci su. In gobe suka gano fa, sai ki ajiye sallah? Mun san yadda hadari ke haɗuwa, rediyo na faɗa mana za a yi ruwa jibi, duk da haka muna fita roƙon ruwa kuma ba wanda ya ce Allah ba Shi ke saukar da shi ba. Likita ya san yadda ɗa ke girma a mahaifa mako mako, ba wanda ya ce don haka ba Allah Ya halicce shi ba. Sanin sababi ba ya kore Mai sababi, wannan tsohon karatu ne a tauhidi. Shi ya sa ga tambayarki ta uku, ko Allah ne Ya tsara abin yake tafiya haka, ni a ganina ba abin da ya hana. Suratul Anbiya aya ta 30 ta ce daga ruwa aka sanya kowane abu mai rai, Suratul Ankabut aya ta 20 kuma umarni ne ma a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Ya fara halitta. Injin ɗakin gwaji ba zai taɓa auna miki nufin Allah ba, haka kuma ba zai iya kore shi ba, duk malamin SVT da ya ce kimiyya ta tabbatar babu Allah ya fita daga darasinsa ya shiga wani. Tun a 1888 wani malami a Tarabulus ta Lebanon, Husaini al-Jisr, ya rubuta cewa in an tabbatar da juyin halitta da hujja to bai ci karo da imani da Mahalicci ba. Maƙwabtanmu 'yan Katolika ma Paparoma Pius na 12 ya buɗe musu ƙofar binciken a 1950, da sharaɗin cewa ruhi daga Allah yake kai tsaye.

Inda gizo ke saƙar shi ne Annabi Adamu, kuma ba zan lulluɓe miki ba. Alkur'ani ya faɗi a fili an halicce shi daga yumɓu aka busa masa ruhi, mafi yawan malamanmu a kan zahirin wannan suke, cewa ba shi da uwa ba shi da uba. Masana kimiyya kuma suna cewa jikin mutum da na birin cimpanzi sun rabu daga asali ɗaya kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Lura, ba su ce birin da kike gani a dajin Waza kakanki ne ba, nan kawu ya ɗan zarce. Akwai malaman zamani da ke cewa a karɓi juyin halitta a sauran halittu a bar Adamu a matsayin mu'ujiza kamar yadda aka haifi Annabi Isa ba uba, ni ma can na fi samun natsuwa, amma ki sani fahimta ce, akwai masu ja da ita ta hagu da ta dama.

Shi kuwa ƙoƙon kan da aka nuna muku, Tumai ke nan. A watan Yulin 2001 aka same shi a hamadar Jurab a arewacin Cadi, wani ɗan Cadi a cikin ayarin Bafaranshe Michel Brunet ne ya fara hango shi a cikin rairayi, an ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7, sunan kuma da yaren Gorane yana nufin fatan rayuwa. Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce kamar ta cimpanzi, amma ramin da laka ke shiga kai yana can ƙasa ta yadda wasu suka ce a tsaye yake tafiya, wasu masanan kuma har yau ba su yarda ba suna ta gardama a kan ƙashin cinyar da aka samu kusa da shi. Ba wanda ya isa ya rantse miki cewa shi ne kakan wani.

Batun jarabawa mai sauƙi ne. An tambaye ki abin da masana suka ce, ki rubuta abin da suka ce da kyau da shekarunsa da hujjojinsa, ba kalmar shahada ake karɓa a takardar bak ba. Kawu kuwa kada ki ja da shi a gaban mutane, tsoro yake ji miki ba ƙiyayya ba. Ki bari sai ya ci tuwon dare ya miƙe ƙafa a tabarma, ki kawo masa shayi, sannan ki tambaye shi, Kawu wai me ya sa aka daina ba mu nivakin?