Amsa ga Abba kan zuwa Song-Kul

Salamu alaikum jama'a. Toh Abba na ji tambayarka, wai kuna so ku je tafkin Song-Kul na ƙasar Kyrgyzstan a hutun Yuli ku kwana a bukkokin makiyaya, ko kambas ɗinka da jaket ɗin da kake yawo da ita a Bishkek sun isa. Wallahi ba su isa ba ƙanina, bari ka ji yadda muka kwashe bara.

Daga Bishkek marshrutka, wato ƙaramar bas ta haya, muka hau zuwa Kochkor, wajen awa uku, daga nan wata mota ta sauke mu ƙauyen Kyzart, sai ƙafa, kwana biyu. Abokan tafiyata doki suka yi haya, ni da taurin kai na ce ai na saba, mutumin da iyakar hawansa Dala da Goron Dutse fa. Tafkin nan ya haura mita 3,000 a sama, kuma kafin ka hango shi sai ka tsallaka wani wuyan dutse da ya fi shi tudu, to a nan ne na san Allah ɗaya ne, taku ashirin ka tsaya kana haki, kai na sarawa, ga iska kamar ana yanka maka kunne.

Ita bukkar boz ui suke ce mata, katako ne aka zagaye aka lulluɓe da ulun tumaki mai kauri, can sama akwai wani zoben katako tunduk, shi ne ma wanda kake gani a tsakiyar tutar ƙasar. Kamar ruga dai, su hawo da dabbobi wajen Yuni su sauka wajen Satumba. Wajen babu bishiya ko ɗaya, busasshen kashin dabbobi ake zubawa a murhu, kuma yana ci sosai, sai ka kwanta kana gumi kana cewa ina sanyin da ake faɗa. Ƙarfe biyu na dare wuta ta mutu. Hmm. Bargo uku a kaina haƙorana na haɗuwa, da asuba na fita alwala na tarar saman ruwan bokiti ya daskare, a watan Yuli fa, sai da matar gidan ta tsiyayo min ruwan zafi daga butar shayi.

Saboda haka takalmin hawa dutse wanda ya rufe idon sawu, kuma ka fara sa shi tun yanzu kar ya ci maka ƙafa a hanya, safa mai kauri, hular sanyi, safar hannu, rigar ruwa. Ka riƙe kuɗin ƙasar, som, a hannu da tocila da power bank, kar ka dogara da netwok.

Za su miƙo maka kymyz, nonon goɗiya ne da aka bari ya yi tsami kuma akwai ɗan barasa a ciki, ni dai rahmat na ce, wato na gode, na ɗauki burodi da shayi, ba su ji haushi ba. Burodin ne kar ka ƙi, ko gutsure ka ci. Kuma kar ka taka dokin ƙofa, tsallakawa ake.

In kana so ka gwada kanka tukuna, ku shiga duwatsun Ala-Archa ran Asabar, kusa take da Bishkek, ku hau zuwa ɗakin masu hawa dutse na Ratsek, shi ma ya wuce mita 3,000. In ka sauko kanka bai sara ba ka kira ni mu tsara sauran.