Amsa Kan Ciyawar Harabar Gida Mai Yin Tabo-Tabo

Malam, ka ce ciyawar harabar gidanka tana yin tabo-tabo masu ruwan ɗorawa, alhali kana ba ta ruwa kullum da yamma. Kafin ka sayi wani magani, ka kama ciyawar wurin da hannu ka ja. Idan ta ɗago cikin sauƙi kamar tabarma, to gwazarma ce ke cinye saiwar, kuma za ka gan ta fara, a lanƙwashe cikin ƙasa. Idan kuwa ta riƙe ƙasa gam, ni ban-ruwan nake zargi, domin ciyawar da ke kwana a jiƙe ita cutar fangas, wato cuta irin ta fumfuna, ta fi kamawa, sannan yayyafin kullum yana hana saiwa nutsewa ƙasa.

Ka mayar da ban-ruwan sassafe, sau biyu a mako, ruwan ya ratsa sosai. Yawan ruwan da, in da a saman ƙasa ya taru, zurfinsa zai kai kimanin santimita 2.5 a mako yakan wadatar. Wajen yanka, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, kuma ka wasa wuƙar injin, saboda dakusasshiyar wuƙa yaga ganye take yi. Taki kuwa, ka dakata da shi har ka gano musabbabin.