Me ya sa 'yan koyo ke gudun darasina?

Tambaya: Malam, na ɗan iya Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, ina kuma ɗora darussan bidiyo saboda 'yan koyo. Amma yawancinsu tun a darasin farko suke watsewa. Ina gizo ke saƙa?

Amsa: Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, domin darasin farko shi ke sa mutum ya zauna ko ya gudu. Ina zargin iyawarka ce ke yi maka cikas. A 1990, Elizabeth Newton ta jami'ar Stanford a Amurka ta sa wasu suna ƙwanƙwasa tebur da karin sanannun waƙoƙi, wasu kuma suna canka. Masu ƙwanƙwasar sun zaci za a gane rabi. Cikin waƙoƙi 120 da aka ƙwanƙwasa, uku kacal aka gane, don masu ƙwanƙwasar waƙar tana tashi a cikin kansu, mai sauraro kuwa ƙwas-ƙwas kawai yake ji.

Haka kake yi idan ka ce a buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni a rubuta python. Ɗalibinka bai ma san inda allon yake ba. Ko ya laluɓo shi, in bai danna ɗan akwatin PATH, mai nuna wa kwamfuta inda Python yake, ba lokacin da yake girka manhajar a Windows, kwamfutar ba za ta gane umarnin ba. Nan zai tsaya, ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Tun a shekarun 1980 John Carroll na kamfanin IBM ya lura cewa 'yan koyo ba sa bin littafin jagora daki-daki, kuma lokaci mai yawa a fita daga kuskure suke ɓata shi. Saboda haka ka tafka kuskuren da gangan a gabansu, su ga saƙon da ke fitowa, sannan ka gyara. A ganina wannan ya fi dogon tarihin Python da wasu ke buɗe darasi da shi amfani nesa ba kusa ba.

Ka riƙa faɗin sigar Python da kake aiki da ita. An daina kula da Python 2 tun Janairun 2020, amma darussansa na nan a intanet suna rikita mutane. Ka kuma ƙara girman rubutu, don da yawa a waya za su kalla.

Kafin ka ɗora darasi na gaba, ka zaunar da ƙanenka da bai taɓa yi ba ya bi darasin, ka ja bakinka ka yi shiru. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, to ka tsallake wani mataki a wurin.